Wa Zai Nazarci Kayan Gidan Kanta?

A Nasarawa ta Birnin Kebbi, in yaro ya ce zai karanci zane da tarihin fasaha a jami'a, sai a ce ya zaɓi zaman banza. Ban yarda ba. Gidan Tarihi na Kanta da ke Argungu, tsohuwar fadar da aka gina a 1831, na ɗauke da takubba, masu da tambura. Wa zai tantance zamaninsu da salon ƙirarsu, in ba wanda ya karanci fannin ba? Tun 1958 ɗaliban zane a Zariya, irin su Uche Okeke da Yusuf Grillo, suka dage kan fasahar gida. Sashen zanen da suka yi karatu a ciki na nan a Jami'ar Ahmadu Bello. Ya kamata Gwamnatin Kebbi ta tura 'ya'yan Kabawa can da tallafin karatu.