Tsimin Jini a Tiyatar Sankarar Hanta

Hanta rumbun jini ce. A kowane minti kimanin lita ɗaya da rabi ke ratsa ta, watau kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da zuciya ke bugowa. Saboda haka likitan da ya sa wuƙa don cire sankara daga hanta, da jini yake fara kokawa.

Lamarin ya fi tsanani idan hantar ta riga ta yi tabo ta taurare, cutar da likitoci ke kira sirosis. Hanta ce ke sarrafa yawancin sinadaran da ke daskarar da jini. Idan ta gaza, sai su yi ƙaranci. Jinin da ya kasa ratsa ta kuma yakan taru a baya, saifa ta kumbura, ta riƙe ƙwayoyin da ke toshe rauni.

Dabarar da aka fi dogara da ita tsohuwa ce. A 1908 James Hogarth Pringle, wani likita a Gilasgo, ya bayyana yadda ake matse jijiyoyin da ke shigar da jini cikin hanta. Sai dai hanta mai tabo ba ta jure doguwar yunwar jini, don haka akan matse na minti 15, a saki na minti 5, a sake matsewa. Ga kuma likitan sa barci, wanda ba a cika ambatonsa ba. Shi ke taƙaita ruwan da ake ƙara wa majiyyaci, don kada jijiyoyin da ke fitar da jini daga hanta, waɗanda matsewar ba ta kai gare su, su cika su tumbatsa.

Masu ganin cewa ƙarin jini zai gyara duk abin da ya zuba sun yi kuskure. Bincike da dama ya danganta yawan ƙarin jini da dawowar sankarar. Balle a Nijeriya da Nijar, inda ciwon hanta nau'in B ya yawaita, kuma sau da yawa sai dangi sun bayar kafin a sami leda ɗaya.

Don haka asibitin koyarwar da zai shiga wannan aiki, kafin ya yi odar injuna masu tsada, ya kamata ya fara horar da likitan tiyata da na sa barci tare. Matsewar Pringle ba ta bukatar fiye da siririn bututun roba da mai duba agogo.