A buɗe mini cikinta kafin in biya

Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta. Shi ya sa na yi wata biyar ina tari domin in saya wa 'yata kwamfutar tebur ta hannu, ta riƙa koyon riƙe linzami a gidanmu na Dala a Maiduguri, kada ta shiga zauren jarrabawa hannu yana rawa. Mai shagon da na saye ta a wurinsa ya dafa ƙirji ya ce, "Wallahi Alhaji, 'yar Landan ce, ko ƙusa ba a taɓa kwance mata ba." A goshinta ga tambarin Core i5 yana sheƙi.

Kwana tara ta yi ta mutu. Da mai gyara ya buɗe ta a gabana, raina ya ɓaci matuƙa. Ƙura ta cushe fanka kamar audugar tsohuwar katifa, 'yan kwalaben da ke kan babban allo sun kumbura, biyu har sun yi tsatsa a baki. Ƙwaƙwalwar kuwa Core 2 Duo ce, wadda kamfanin Intel ya fitar tun 2006. Tambarin nan daga jikin wata aka ɓamɓaro shi aka manna. Ina bambancin wannan da mai tauye mudu?

Da na koma wurin mai shagon, ko kunya babu, sai ya ce in sayi ƙarin RAM na DDR3 a wurinsa, alhali allon kwamfutata DDR2 yake ɗauka. Allon da ke ɗaukar DDR2 ba ya karɓar DDR3, tsagar ma ba wuri ɗaya take ba. Ya san haka sarai, ni ne ya ɗauka ban sani ba.

Ba na gaba da kayan gwanjo, da su talaka ke rufa wa kansa asiri. Tsohuwar Dell OptiPlex ko HP mai i5 na gaskiya, in aka cire mata tsohon faifai aka sa SSD, aka kai RAM gigabait 8, za ta yi wa ɗalibi aiki shekaru. Abin da ke ci mini rai shi ne ɓoye aibi. Wani bincike na Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ya gano cewa a 2015 da 2016 an riƙa shigo da kusan tan dubu 60 na tsofaffin kayan lantarki Najeriya a shekara, kuma kusan rubu'insu matattu ne tun daga jirgi. Turai ta share ɗakinta, 'yan'uwanmu kuma suna goge sharar da man ƙyalli su sayar mana.

Akwai abin da masu sayarwa ba sa faɗa. Microsoft ya daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba, 2025, kuma Windows 11 tana neman ƙwaƙwalwar Intel zubi na 8 zuwa sama. Ba sa kuma gaya maka kwamfutar tebur ba ta da batir. Mu da muka sha duhun 2021, lokacin da aka kayar da turakun layin Damaturu, mun san halin wutarmu. In babu UPS, ɗaukewa ɗaya tana iya tafiya da faifai da aikin da ke ciki.

Shugabannin masu sayar da kwamfuta a Maiduguri, ku tilasta rasit mai ɗauke da ainihin abin da ke ciki, da garantin ko da wata guda. Kai kuma mai saye, tafi da mai gyaranka. A kunna, a kwance, ka gani da idonka. Wanda ya ƙi buɗewa, mayar da kuɗinka aljihu.