Jirgin Ƙasa Mai Gudun Walƙiya: Ba Kuɗi Kaɗai Ke Shimfiɗa Layi Ba

A shekarar 2008 China ta buɗe layin jirgin ƙasa mai gudun kilomita 350 a sa'a tsakanin Beijing da Tianjin. A wannan shekarar ce kuma masu zaɓe a jihar California ta Amurka suka amince a gina nasu. Yau layukan China sun haura kilomita 45,000, na California kuwa ko fasinja ɗaya bai ɗauka ba.

Ashe ba arziki ne kaɗai ke magana ba. Maroko ba ta kama ƙafar Amurka a dukiya ba, amma tun 2018 jirginta Al Boraq ya rage tafiyar Tanja zuwa Kasabalanka daga kusan awa biyar zuwa awa biyu da minti goma. Alhazan da suka hau jirgin Haramain tsakanin Makka da Madina sun ɗanɗana irin wannan sauƙi.

Abin da ya bambanta ƙasashen shi ne tsari mai ɗorewa: samun fili ba tare da shekaru ana shari'a ba, da kuɗin da ba ya yankewa idan gwamnati ta sauya. Don haka duk ranar da aka yaɗa hoton sabon jirgi a soshiyal midiya, matasa su fara tambaya: ina filin, kuma wa zai biya har ƙarshe?