Wa ke kwana da yaran nan?

Ya Edita,

Ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini in ja hankalin gwamnatin Jihar Sakkwato da shugabannin ƙananan hukumomin Bodinga da Shagari kan wuraren da ake ajiye 'ya'yan mutane suna kwana: gidajen marayu, makarantun allo, da gidajen mari inda ake kai kangararru da masu taɓin hankali.

Da azumi ya kama, kowa ya san hanyar irin waɗannan wurare. A sauke buhunan shinkafa da turamen atamfa, a ɗauki hoto, a watse. Allah ya saka wa masu bayarwa da alheri. Sai dai da wuya ka ji wani ya tambaya: idan dare ya tsala, babba nawa ke tare da yaran, kuma a hannun wa makullin ƙofa yake?

A Fabrairun 2025 gobara ta tashi cikin dare a wata makarantar allo a Ƙauran Namoda, nan maƙwabciyarmu Zamfara, almajirai 17 suka rasu. Rahotanni sun ce karan da aka tara a wurin ne ya rura wutar. Duk wanda ya san ƙauyukanmu ya san yadda ake jingine kara a jikin ɗakin kwana bayan girbi, ga yara na hura wuta saboda sanyin hunturu. Ƙaddara gaskiya ce, amma ɗaki mai ƙofa ɗaya da yara cunkushe a ciki, ba wani babba a farke, wannan sakacinmu ne.

Ba a manta da Rigasa ba. A Satumbar 2019 'yan sanda suka fitar da mutum sama da 300 daga wani gidan mari a unguwar Rigasa da ke Kaduna, wasunsu da mari a ƙafa, a watan da ya biyo baya aka bankaɗo irinsa a Daura. Iyaye ne suka kai su da hannunsu, suna kuma biyan kuɗi, saboda ba su ga wata mafita ba. Alhali mu a nan muna da asibitin masu taɓin hankali na tarayya a Kware, amma mutumin karkara yakan fara tuna gidan mari kafin ya tuna likita.

Doka dai akwai ta. Tun 2021 tsohon gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya sa hannu kan dokar kare yara ta jiha. Abin da ya rage shi ne mai zagayawa. Ina roƙon a yi rajistar kowane gida, a san yawan masu kwana da yawan masu kula da su, jami'an walwalar jama'a kuma su riƙa shiga ba sanarwa, har da dare. Hakimai da masu unguwanni sun san kowane lungu, a sa su a ciki.

Su ma masu renon a duba su. Mace ɗaya da jarirai fal ɗaki, albashi ba ya zuwa kan kari, ko waliyyiya ce wata rana haƙurinta zai ƙare. Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha za ta iya ware wani kaso don albashinsu da horar da su kan taimakon gaggawa da kashe gobara, tun kafin hunturun bana ya shigo.

Naka,
Mai karanta jaridarka,
daga Bodinga, Jihar Sakkwato