Darajar jingina: abin da manoman Amurka ke ja da bankuna a kai

'Yan'uwa manoma, a 2024 yawan manoman Amurka da suka kai kukansu kotu saboda karayar arziki ya ƙaru, bayan farashin masara da waken soya ya faɗi, kuɗin ruwa kuma ya hau. A irin wannan shari'a, babbar rigimar ita ce: nawa ne kuɗin abin da aka jinginar?

Tun 1986 ƙasar ke da dokar da ake kira Babi na 12, wadda ke bai wa mai gonar iyali damar ci gaba da noma yana biyan bashi bisa tsarin shekara 3 zuwa 5. A ce banki na bin ka dala 500,000, kotu ta yi wa gonar da ka jinginar kuɗi dala 300,000. To wannan 300,000 ce dole ka biya cif, da ruwanta. Ragowar 200,000 ta koma bashi mara jingina, sai abin da ya samu.

Ka ga ke nan lissafi ya juya. Ranar karɓar bashi kai ke kambama gonarka, ranar shari'a kuwa banki ne ke kambama ta.

A 1997 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar Rash cewa idan mai bashi zai riƙe kayan ya ci gaba da aiki da su, ba farashin gwanjo za a duba ba, sai abin da zai kashe ya sayi irinsu. Wannan ya fi yi wa banki daɗi. Ga shi kuma farashin filin noma a can ya yi ta hawa, don haka ragin da manomi ke samu kan gona ba shi da yawa.

Ina ruwanka? Tun 2017 dokar Najeriya ta yarda a jinginar da kayan da ake iya ɗagawa, kamar injin ban-ruwa ko dabbobi. Kafin kai ko ƙungiyarku ku sa hannu, ku tabbata takarda ta faɗi wanda zai yi wa kayan kuɗi, da farashin da za a bi in biya ya gagara: na kasuwa ko na gwanjo. Ku adana rasit da hoton kayan, ku kuma nemi wanda ya san kasuwa ya yi muku nasa ƙiyasin a rubuce.