Kiɗan Tekno Da Masu Gaggawar Hukunci

Akwai wani irin kiɗa da a ke yi da na'ura, wanda Turawa su ke kira tekno. A cikinsa kuwa akwai wani reshe da su ke ce wa minimal, watau taƙaitacce, domin an rage masa kaya har ba abin da ya saura sai bugu da 'yan sautuka biyu ko uku. Yawancinsa babu waƙa, babu mawaƙi, balle 'yan amshi. Bugu ɗaya a ke ta maimaitawa, wajen sau 130 cikin minti guda, har minti goma ko fiye. Saboda haka mutane da yawa, da sun saurare shi rabin minti, sai su toshe kunne, su ce ai wannan ƙarar injin niƙa ce, aikin ragwaye ne waɗanda ba su iya kiɗa ba. Wannan hukunci zalunci ne, gaggawa ce kuwa ta haife shi.

Da fari ya kamata a san inda abin ya fito, gama waɗansu suna tsammani wasa ne na 'ya'yan masu kuɗi a Turai. Mahaifar tekno ita ce Ditroit ta Amurka, birnin ƙera motoci. Waɗansu samari uku baƙar fata, Juan Atkins da Derrick May da Kevin Saunderson, su suka kafa shi cikin shekarun 1980, sa'ad da ma'aikatun garin su ke ta rufewa, mutane suna ƙaura suna barin kangaye. Cikin kayan aikinsu akwai na'urorin kiɗa na kamfanin Roland na Japan, TR-808 ta 1980 da TR-909 ta 1983. Na'urorin nan ba su yi kasuwa ba da fari, shi ya sa har yaron da ba shi da ƙarfi ya kan same su da araha a gwanjo.

Da kiɗan ya haye teku ya shiga Turai, sai aka yi ta ƙara masa sauri da hayaniya. A nan ne wani ɗan Ditroit, Robert Hood, ya bi wata hanya dabam. Ya kwashe tarkacen duka, ya bar ƙashin kiɗan kurum, ya fitar da faifansa Minimal Nation cikin 1994. Ashe ragin nan da gangan aka yi shi. Mutumin da ya ke da kaya cike da ɗaki, ya zaɓi uku ya ajiye saura, ba a ce masa matsiyaci.

Masu suka suna cewa ba abin da ya ke sakewa a cikinsa. Faɗar haka ita ce shaidar ba su saurara ba. Makaɗin ya kan kafa bugu ɗaya tamkar turke, sa'an nan ya riƙa murɗa maɓallan na'ura sannu sannu, sautin da ya ke a dushe ya yi ta washewa har ya yi kaifi. Can sai ya shigo da wani ɗan tafi. Can kuma ya ɗauke babbar gangar na ɗan lokaci, mai sauraro ya ji kamar an janye masa tabarma, kana ya mai da ita. Wani lokaci ya kan ɗora sauti mai zagayen bugu uku a kan mai zagayen huɗu, su rabu su sake haɗuwa a bugu na goma sha biyu. Duk wanda ya taɓa tsayawa ya ji lugude ya san wannan. Faɗuwar taɓarya ɗaya ce daga fari har ƙarshe, amma don ta tsaya daram ne kunne ya ke kama tafi da cilla taɓarya da mata su ke sakawa a tsakani. In komai yana motsi, ba a gane abin da ya motsa.

Batun ragwanci kuwa, a nan ma sun juya magana. Kiɗa mai tarin kaya yana ɓoye kasawar mai shi, kamar yadda zane mai ado ya ke ɓoye tabo. Farin ƙyalle ba ya rufa wa kowa asiri. Wanda zai riƙe jama'a minti goma da sauti uku, dole kowane ɗaya ya zauna daidai wurinsa, in ya kauce kaɗan kowa zai ji.

Akwai kuma son kai cikin sukar nan. Wani Ba'amurke, Steve Reich, ya yi It's Gonna Rain cikin 1965 da guntuwar magana ɗaya da a ke ta nanatawa. Cikin 1970 ya tafi Gana ya koyi kiɗan ganguna, ya komo ya tsara Drumming cikin 1971. Yau ana kaɗa aikinsa a manyan zauruka, ana karanta shi a jami'o'i. To, in maimaici hikima ce a zauren manya, don me zai zama wauta a hannun yaron Ditroit?

Gaskiya ne akwai shara a ciki. Sa'ad da aka yi yayin kiɗan a Balin cikin shekarun 2000, 'yan kwaikwayo sun cika kasuwa da fayafayan da ba su da rai. Amma ba a auna sana'a da aikin 'yan koyo. Jamusawa da kansu sun sa teknon Balin cikin jerin al'adun gadon ƙasarsu a 2024.

Wanda ya ke so ya yi adalci, sai ya fara da Minimal Nation ɗin nan. Daga nan ya ji Spastik na 1993, aikin Richie Hawtin mai laƙabin Plastikman, wanda ya tashi a Winsa ta Kanada, tsallaken kogi daga Ditroit. Wannan ganguna ne zalla. Faifansa Consumed na 1998 ya fi sanyi da nauyi. Sa'an nan Losing Control na Daniel Bell, 1994, inda murya ɗaya ta ke nanata magana guda ana ta sake mata kama. Sai Quadrant Dub na 1994, na mutum biyu 'yan Balin masu suna Basic Channel, waɗanda suka aro dabarar amsa-kuwwa daga makaɗan Jamaika. In kunne ya nuna, ya gwada Fizheuer Zieheuer na Ricardo Villalobos, haifaffen Chili mazaunin Jamus, wanda ya fito cikin 2006, tsawonsa minti 37.

Sharaɗi uku ne. Kada a ji shi ta ƙaramar lasifikar waya, domin tana yanke amon ƙasa, shi ne kuwa gishirin abin. Kada a tsallake, a bar shi ya kai ƙarshe. A kuma zaɓi sauti ɗaya a bi sawunsa, a ga inda zai kai. Wanda ya cika waɗannan ya ce bai so ba, ya faɗi ra'ayinsa, ba mai ganin laifinsa. Amma wanda ya yanke hukunci cikin rabin minti, ya zama alƙalin da ya tashi daga shari'a tun mai ƙara bai rufe baki ba. Irin wannan alƙali, ba kiɗa kaɗai ya ke zalunta ba.