Wasiyyar Shehu Ahmadu

Jama'a, akwai wata takarda da ta daɗe tana yawo a ƙasashen Musulmi, ana ce da ita Wasiyyar Shehu Ahmadu, wai mai hidimar Masallacin Annabi a Madina. A dā da alƙalami ake juyar ta, yau kuwa ta WhatsApp take shigowa. Cewa take yi Shehun ya ga Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, cikin barci, aka ba shi saƙo. Wanda ya rarraba ta zai yi arziki, wanda ya ƙi kuwa masifa ta auka masa.

To, mu da muka yi karatun allo mun sani addini ya cika tun Annabi yana da rai, ba a kuwa kafa hukunci da mafarki. Ko Alƙur'ani ba a ce wanda bai juye shi ba zai tsiyace, balle wannan. Shehu Ibn Baz, wanda ya rasu cikin 1999, ya rubuta raddi ya nuna ƙarya ce.

Alamun irinta uku ne: ba ta da asali, tana kwaɗaitarwa, sa'an nan tana tsoratarwa. Aya ta 6 cikin Suratul Hujurati kuwa ta umurce mu da binciken labari.

Gobe mu ne malamai, abin da malami ya miƙa kuwa almajiri ba ya tuhumarsa. Kada tsoro ya sa mu jingina wa Annabi ƙarya. In ta iso hannunmu ta tsaya nan, mu kuma bayyana wa mai aikowa dalili cikin ladabi.